Ƙarar Da Ta Cinye Mini Kunnen Hagu

A wancan lokacin ni saurayi ne ɗan Michika, ina zaune a Mubi a gidan yayata. Ranar Lahadi ina kaɗa jita a coci, sauran ranaku kuma ina bin masu kiɗan biki. Wani abokina mai tura waƙoƙi ne ya zuba mini bidiyon wani mawaƙin Amurka na zamanin da, mai kiɗan rok. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ajiye jita ya koma kan piyano, ya tashi ya karɓi ganga, muryarsa ko gezau. Na bi tarihinsa tun yana kiɗa a ƙananan wuraren shaƙatawa har ya kai ga cika filin ƙwallo da jama'a, na ƙudura a raina sai na zama kamarsa. Amma abin da na fi ɗauka a wurinsa shi ne ƙara. Duk bikin da muka je sai na ƙure sifika, in tsaya a gindinta har in ji kiɗan yana dukan ƙirjina.

Daga baya na fara jin wani siririn kuka kamar na gyare a cikin kaina. Da farko yakan tafi in gari ya waye, sannan ya zauna daram. Yaya ta yi ta ƙorafin cewa sai ta kira ni ta sake kira kafin in amsa, na ce mata gajiya ce. A gaskiya tsoro nake ji, shi ya sa na ƙi faɗa wa kowa.

Wata rana da damina na ɗauko ta a babur daga wani biki a Sorau. Ina kauce wa ramuka na shiga tsakiyar hanya, sai na ji tana dukan bayana da ƙarfi. Ina waiwayawa na ga babbar mota dab da mu. Na karkata kan babur muka faɗa kwalbati, hannun Yaya ya karye. Direban ya sauko ya nufo mu. Ina kallon bakinsa yana motsi, amma maganar kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Mutanen da suka taru ne suka ɗaga murya suka ce tun daga nesa yake danna mini oda. Ko ɗaya ban ji ba. Nan na zauna cikin taɓo ina tunanin da yanzu gawarta zan kai wa mamanmu.

Likita a Yola ya ce kunnen hagu ya tafi ba zai dawo ba, na dama kuma yana kan hanya in ban bar tsayuwa gaban sifika ba. Har yau nakan farka in tafa hannu kusa da kunnen dama, don in tabbatar yana nan.

Na koyi cewa kunne ba ya kashedi da ciwo, a hankali yake sulalewa. 'Yan'uwana makaɗa, ku rage ƙara, ku ja da baya, kuma duk wanda ya fara jin wannan kukan ya je asibiti, kada ya ɓoye. Ina da 'ya yanzu. Ba wanda ya koya mata, amma in za ta yi mini magana sai ta zagayo ta hannun dama.