Godiyar da Na Yi wa Kamfanin Caca

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ɗora mini jawabin godiya ba. Lokacin ina ƙaramar jami'a a wata cibiyar bincike a nan Abuja, mun kammala aiki kan matasan da cacar ƙwallo ta kama. Ni ce mai Hausa a ofis, don haka ni na yi ta sintiri tsakanin Kurudu da Gwagwalada ina hira da su. Ƙa'idar aikinmu ita ce, kafin mutum ya buɗe baki sai ka gaya masa wanda ya ɗauki nauyin binciken. Abin da aka ce in riƙa faɗa shi ne "wata gidauniya".

Gab da ƙaddamar da rahoton na ji daga bakin akantanmu cewa gidauniyar ta wani kamfanin caca ce. Na sami oga, Dakta Sani, a ofishinsa. Ya ce, "Binta, sun taɓa mana sakamako? Ko layi ɗaya. Ki gode wa Allah, ki gode wa baƙi, ki zauna, please."

Gaskiyarsa, ba su taɓa ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Na tuntuɓi abokan aiki, kowa ya duƙufa kan kwamfutarsa kamar ba da shi nake ba.

Ranar taron a otal, an zaunar da waɗanda na yi hira da su a layin baya. Na miƙe don jawabin godiya. A gidanmu ba a cin abincin mutum a ɓoye sunansa. Saboda haka na gode wa Allah, na gode wa baƙi, na kuma gode wa kamfanin, na kama sunansa da Turanci, na maimaita da Hausa don na baya su ji. Tafin ma da ƙyar.

Wajen cin abinci babu wanda ya zauna a teburina. Na ji kaɗaici irin wanda ban taɓa ji ba. Sai ga Ɗanjuma, wani mai walda daga Kurudu da caca ta sa ya sayar da injinsa. Ya tsaya, bai zauna ba.

Ya ce, "Anti, ashe su ne?"

Na ce, "Su ne. Ni ma kwanan nan na sani."

"Na gaya miki duk abin da ke mayar da ni shagon cacar nan. Ko matata ban gaya wa ba."

Na ce masa babu sunansa a rahoton. Ya girgiza kai. "Ai ba sunana suke buƙata ba, Anti." Ya fita ko ruwa bai sha ba.

Ba a kore ni ba. An dai daina kirana mitin, har kwantiragina ya ƙare shiru.

Ku da kuke shigowa aikin yanzu, ku tambayi ko wane ne mai kuɗin tun kafin ku kunna na'urar ɗaukar murya. Rahoto zai iya fita tsaf ba ƙarya a ciki, amma wanda ya ba ka sirrinsa yana da haƙƙin sanin hannun da zai faɗa. Ɗanjuma bai sake ɗaga wayata ba.