Tauraron Mai Hoto

Tun da waya ta kashe sana'ar wankin hoto, Mai Hoto bai yarda ya rufe shagonsa ba. Kullum zai buɗe, ya share, ya zauna gaban tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin markaɗe. Mai son hoton fasfo ma sai an daɗe ake ganinsa.

Aikin da ya ɗora wa kansa shi ne duba tsofaffin hotunan sararin sama, waɗanda masana suka zuba a intanet don yawansu ya fi ƙarfinsu. Ana jera hotuna biyu na wuri ɗaya, shekarunsu daban. In ɗigon haske ya fito a ɗaya, babu shi a ɗayan, to wataƙila tauraro ne ya fashe ba wanda ya lura. Abokan nemansa da dama sun dace. Shi kuwa bawan Allah, shekara da shekaru, daga ƙura sai ƙarzuwar gilashi.

Likita ya ce idon ya gaji, a rage kallon kwamfuta. Ya ce to, ya dawo ya zauna. Guda ɗaya tak yake nema kafin idon ya ƙare.

Matarsa kan kawo masa abincin rana, ta haɗa da tsiya. "Malam, taurarin nan fa ka ce sun mutu tun ba a haifi kakanka ba. Ta'aziyya za ka kai?"

Wata rana tana ajiye kwano ya kama hannunta. "Zo ki gani! Ga shi nan, gefen hagu!"

Ta sunkuya, ta ƙura ido. "Ni dai ban ga komai ba."

"Ke dama yaushe kika taɓa gani?"

Ya buɗe wani hoton don ya gwada mata bambancin. Ɗigon yana nan. Ya buɗe wani, na wani yankin sama daban, yana nan. Ya juyo ya dube ta, sai ga shi a goshinta yana walƙiya. A hankali ya rufe idon hagu da tafin hannu. Ɗigon ya ɓace.

Gajiyar shekarun nan duka ta sauko masa lokaci guda. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Gobe ki raka ni asibiti," in ji shi.

Ba ta tsokane shi ba. Ta jawo kujerar da masu fasfo ke zama, ta matso kusa da shi.

"Wanne ake dannawa?"