Ranar da Indiyawa Suka Girgiza wa Baba Kai

Mahaifina mawaƙi ne, amma har ya yi furfura ba wanda ya taɓa jin ƙarshen waƙarsa. Ɗinki ne sana'arsa a unguwar Waziriyya, waƙa kuwa ita ce jarabarsa. Da Hausa yake tsara ta, a ka yake riƙe ta. Mu kuma 'ya'yansa a Jidda aka haife mu, Hausarmu ta cefane ce da faɗa. Da zarar ya gyara murya ya ce, "Ku saurara," sai ƙanena ya tuna ana jiran sa a waje, ni kuma in ji ƙaurin tukunyar da ban ɗora ba. Baba ba ya fushi, sai dai ya shafa gemu, kuma kowa ya san abin yana cin sa.

Mafi tsawo cikin waƙoƙinsa ita ce ta mukayyif, tsohuwar na'urar sanyaya ɗakinmu mai tari da zubar da ruwa. Farkonta kam mun haddace, don ban dariya gare shi. Daga tsakiya zuwa gaba Allah kaɗai ya sani, sai Baba.

Jikin shagonsa akwai wani Ba'indiye mai gyaran agogo, muna ce masa Kawu. Bango ɗaya ya raba su shekara da shekaru, ta nan Kawu yake jin Baba yana rera abinsa a kan ƙarar keken ɗinki. Da tsufa ya zo Kawu ya tattara ya koma garinsu, ya faɗa wata cibiyar fasaha da ke can, ya zama ɗan gida. Daga nan wayar Baba ba ta sake hutawa ba. Yau bidiyon 'yan mata masu ƙararrawa a ƙafa suna koyon rawa, gobe zanen da ba ka san samansa da ƙasansa ba, jibi lacca. Abin da ya fi tsaya wa Baba a rai shi ne wurin shan shayin cibiyar, inda tsofaffi ke zama ƙarƙashin bishiya suna gardama a kan littafin da mai shi ya mutu tun kafin a haifi kakana, har su yi fushi da juna, gobe su dawo.

"Dubi mutane," in ji Baba. "Mu nan gardamarmu ɗaya, iƙama, takardar izinin zama."

Ana nan sai Kawu ya kira. Cibiyar za ta yi taron mawaƙa, har da na ƙasashen nesa ta allo, kuma ya sa sunan Baba. Baba ya ce a'a, ya ajiye waya, ya aika da babbar rigarsa wurin guga.

Ranar ta zo, bayan la'asar za a fara. Ƙanena ya haɗa kwamfuta da talabijin, dole ya zauna don shi ne mai danne-danne. Gwaggo, yayar Baba, ta taso takanas daga unguwar Bani Malik. Ta tarar da shi yana fesa turare, ta ce, "Kai ɗan nan, ƙamshin ma ta waya zai bi?"

Ba a haɗa mu ba sai da layinsa ya zo. Allo ya buɗe, sai ga zaure cike maƙil, tsofaffi a gaba zaune a kan shimfiɗa. Baba ya yi bisimilla ya saki layin farko na waƙar mukayyif.

Wallahi bai rufe baki ba wani dattijo a sahun gaba ya runtse ido, ya yamutsa fuska kamar ya tauna lemon tsami, ya shiga girgiza kai. Na kusa da shi ya ɗaga hannu sama ya kurma ihu, "Wah! Wah!" Sannan zauren gaba ɗaya ya maimaita layin Baba da wata irin Hausa da ta sha duka a hanya.

Baba ya tsaya. Ya sake daga farko. Suka ƙara ƙaimi. Kawunan mutane suna ta kaɗawa, har na ji wani ya ja abin da ko a gaban alƙali zan rantse tsaki ne. A gidanmu in babba yana magana ka katse shi, ka kwaikwayi muryarsa, ka girgiza masa kai, ka ɗora da tsaki, to ka nemi inda za ka kwana.

Na dubi Baba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce a hankali, "Halas, ya binti. Ya isa, 'yata. A kashe." Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Mutum ya jira tsawon rayuwarsa a saurare shi, ranar da aka taru kuma a mai da shi abin dariya? Na miƙe zan yi magana, Gwaggo ta riga ni. Ta ture ƙanena, ta kafa fuskarta a gaban kwamfuta har hancinta ya cika allo.

"Marasa kunya! Ku da gemunanku! Ku kuka kira shi ko shi ya kira ku? Kai mai farin gashi, wuyanka ne ke ciwo? Marasa kunya, marasa ta-ido!"

Gwaggo in tana faɗa da kari take yi, tana tafa hannu a kan gaɓa. Sai zaure ya ɓarke. "Wah! Wah!" Suka ɗauki "marasa kunya" suna maimaitawa cikin murna. Mai farin gashin ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji, ya sunkuya mata. Tun da nake ban taɓa ganin bakin Gwaggo a buɗe ba magana ba sai ranar.

Wayar Baba ta yi ƙara. Kawu ne, yana haki, da Larabcinsa na kasuwa.

"Me ya sa ka tsaya? Kuma wace ce wannan mawaƙiyar? Suna so ta sake!"

"Zagi na suke yi," in ji Baba.

"Zagi? Ya akhi, a nan in mawaƙi ya yi baiti aka yi masa shiru, to ya mutu. Girgiza kai yana nufin abin ya shige su. In sun maimaita, karɓa suka yi daga bakinka. Wancan dattijon shekara guda ban ga ya girgiza wa kowa kai ba."

"Ai ba sa jin Hausa."

"Ni da nake jin ka ta bango, Hausa nake ji? Yalla, ci gaba!"

Baba ya dubi allo, ya dube mu, ya mai da hularsa. Ya ja layin farko, suka yi ihu, wannan karon ya dakata ya ba su fili kamar wanda ya saba. Kafin a jima ya fara ɗaga musu hannu shi ma. Gwaggo ta koma kujera tana gunaguni, can sai na ji ta jefa "wah" ɗaya a inda bai dace ba, ta kuma harare ni.

Ya wuce tarin mukayyif, ya wuce faɗansa da mai gyara, ya wuce duk inda muka sani. Sai waƙar ta sauka ƙasa. Ta koma kan kwanon da Innarmu ke tarawa a ƙarƙashin na'urar, yadda take kwashe ruwan da safe ta ba na'ana'arta a taga. Waƙar ta ce tun da Inna ta rasu shi ke kwashewa, kuma abin da ya hana shi sayen sabuwa ke nan, don sabuwa ba ta ɗiga, na'ana'a kuwa ba ta san mai ita ta tafi ba.

Muryarsa ta karye a layin ƙarshe. Mutanen zauren suka karɓe shi suka maimaita a hankali, suna kaɗa kai. Mu uku da muka ji abin da ya ce, mu kaɗai ne muka kasa cewa komai. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Da aka kashe allo Baba ya zauna yana goge ido da hannun riga. Ƙanena, wanda bai fi kalma goma yake haɗawa da Hausa ba, ya matso ya ce, "Baba, sake."

Baba ya dube shi. Sannan ya gyara murya, ya ɗauko ta tun daga farko.