Hashimu Gumel, Wanda Ya Kai Mutane Ƙofar Madina Shi Bai Shiga Ba

Kullum in an idar da sallar asuba a unguwar Misfala ta Makka, Mairama takan jawo tabarma zuwa bakin ƙofa, ta koma ciki ta tallabo mijinta, ta jingina shi da bango inda rana za ta fara samunsa. Sai ta ɗora masa hannun hagu a kan cinya, don hannun ba ya zuwa ko'ina yanzu sai an kai shi. Daga nan har walaha aikinsa ɗaya ne, kallon ƙafafun masu wucewa. 'Yan ga-ruwa su wuce da garewaninsu, mata su wuce da farantan ƙosai, shi dai idonsa na ƙasa. Jifa-jifa yakan tsayar da wani, da rabin bakin da ya rage masa, ya ce, "Ɗan'uwa, duddugenka zai tsage, nemi kitse." Wanda aka gaya wa ya ce ɗayyib, wato to, ya yi gaba, bai san wanda ya yi masa magana ba.

To, ga wanda ya yi masa maganar. Sunansa Hashimu, mutumin Gumel. Ya baro gida da ƙuruciyarsa, ya ci shekara bakwai a hanya, yana tsinkar auduga a Sudan don ya sami na ƙetare teku, har Allah ya sauke shi Makka. A nan ya zama ɗan ga-ruwa, wata goma da 'yan kai na kowace shekara sanda na kafaɗarsa. Sauran kwana arba'in ɗin su ne dalilin wannan rubutu.

Mai hali in ya so ziyarar Madina raƙumi yake hawa, ko mota tun da motoci suka shigo. Talakan Takari kuwa ƙafarsa ce raƙuminsa, kwana goma sha shida zuwa, goma sha shida dawowa, takwas a can. Tafiya ce da ba ta yiwuwa sai lokacin ɗari, kuma ba ta yiwuwa sai da Sallah, lokacin da aiki ya tsaya, guzuri ya samu. Allah ya haɗa mana biyun shekara goma sha biyar a jere, tun daga 1930: da fari ƙaramar Sallah ce ke faɗowa cikin sanyi, daga baya babba ta karɓa. Duk shekarun nan, in ban da ta farko, Hashimu ne ya ja ayarin masu ƙafa.

Na ce ya ja, amma ƙarya na yi. Bai taɓa jan kowa ba. Abokinsa Sabo, dogon Bakano mai saurin ƙafa da saurin fushi, shi ne a gaba. Hashimu a baya yake, bayan na ƙarshe, can inda ake ɗingishi da tari. Sabo ya ce ya taɓa yi masa gorin haka, ya ce mutumin da ya san kowace rijiya daga Usfan har Bi'ir Darwish me yake yi a wutsiya. Hashimu ya ce masa, "Na gaba ba ya ɓata, ya Sabo. Ka ga hanya, bi ta. A baya ake mutuwa."

Shirinsa daga Mina yake farawa. Yayin da kowa ke yanyana naman layya yana shanyawa a kan duwatsu, shi kitse yake bi yana tsinta, ya narka ya cika goruna huɗu. Yara na yi masa dariya, manya ma suna yi. A kowane zango, kafin ya sa loma a bakinsa, sai ya bi mutane ɗaya ɗaya ya duba tafin ƙafarsu, ya cire ƙaya, ya shafa kitse a faso, ya ɗaure da tsumma. Mata kuwa yakan miƙa wa babbarsu goran ya juya baya, yana tambaya daga nesa ko an shafa har tsakanin yatsu. Wanda bai taɓa kwana a sararin nan da iskar arewa ba, ba zai gane ba. Sanyin yakan tsaga ƙafa kamar yadda rani ke tsaga bakin tafki, in ta tsage kuwa tafiya ta ƙare.

Yana da laifi ɗaya, kuma zan faɗe shi ko Mairama za ta daina amsa gaisuwata. Bai iya cewa a'a ba. Tsoho mai haki, mace mai tsohon ciki, wanda zazzaɓi ya saki jiya, duk wanda ya zo ya ce yana son ganin Madina, Hashimu zai dubi ƙafarsa ya girgiza kai, sannan ya ce, "Yalla, shuwayya shuwayya, a hankali za mu je." Saboda haka babu shekarar da ba a sami wanda ya kasa ba. Wanda ya kasa, yakan nema masa wuri a tantin Larabawan ƙauye kusa da rijiya, ya bar masa gari da busasshen nama, ya yi masa alkawarin dawowa. Ya raka sauran har kan tudun nan da ake fara hango koriyar ƙubba da hasumiyoyi, inda mutane ke zubewa suna kuka suna salati. Shi ma yakan tsaya ya yi nasa kukan. Daga nan ya damƙa ayarin ga Sabo, ya ce a kai masa gaisuwa, ya juya. Kwana takwas ɗin da ayari ke yi a Madina, shi a gindin rijiya yake yinsu, yana dama wa mara lafiya kunu.

Haka ta fara tun shekarar farko, lokacin da shi kansa ɗan ziyara ne kawai. A kan tudun ya waiga bai ga wani Lurwanu ba, ya tambaya, aka ce ai tun shekaranjiya ya zauna bai tashi ba. Ya koma ya same shi harshe ya kumbura. Lurwanun nan yana nan da ransa, mahauci ne a unguwar Jarwal, 'ya'yansa tara, tumbinsa ya riga shi shiga kowace ƙofa. Tun da Hashimu ya kwanta sau ɗaya ya leƙo.

Ku lissafa da kanku. Kafin bara, sau goma sha huɗu ya hango garin Manzo da idonsa, bai taka ƙofarsa ba. Kowace shekara yakan ce wa Mairama, "Baɗi in Allah ya so." Ita kuma ta ce, "Baɗin nan taka ta fi kowace baɗi nisa."

Bara, 1944, ya san ita ce ta ƙarshe. Sallah tana ja da baya kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ta kusa fita daga sanyi, kuma ba za ta komo cikinsa ba sai bayan shekara kusan ashirin, shi kuwa ya haura sittin. Ya faɗa a gaban mutane cewa bana zai shiga. Sabo ya rantse in an bar wani a hanya shi zai koma. Mairama ta ɗinka masa farar riga, ta naɗe ta da ɗan turare a ƙasan jakarsa. Kuma karon farko a rayuwarsa ya mayar da mutane gida, mutum shida, yana ba su haƙuri kamar shi ya jawo musu tsufa.

Ta bakwai ce ta gagare shi. Wata tsohuwa ce 'yar Damagaram, Rumasa'u, wadda ta baro gida da miji da 'ya'ya biyu ta iso Makka ita kaɗai. Ya dubi ƙafarta ya ce, "Iya, ƙafar nan ba za ta kai ba."

Ta ce, "Ita ta kawo ni daga Damagaram."

"Shi ya sa ta gaji."

"To ka ce mini in zauna in mutu ban ga garin Manzo ba. Faɗa da bakinka, in ji."

Bai faɗa ba. Ta bi su.

Ta yi ƙoƙari, wannan kowa ya shaida. Kwana goma sha uku tana gaban Hashimu, yana ƙirga mata duwatsu, in ta kai wancan ta huta. A na sha huɗu ta zauna. Ya bar ta a tantin wasu makiyaya a cikin kwari, ya bi ayari. Da suka hau tudun, Sabo ya kama hannunsa ya ce, "Halas, ga ta nan. Mu shiga tare ka yi sallama, bukra, gobe-goben nan, ni in koma wa tsohuwar."

Hashimu ya riga ya kwance jakar, hannunsa na kan farar rigar. Sai ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗo ta arewa. Ya san abin da Sabo bai sani ba: in ruwa ya sauka, makiyaya ba sa kwana a kwari, tattara tantinsu suke su bi ciyawa, kuma ba za su ɗauki baƙuwar da ba ta tafiya ba. Gobe ta yi nisa. Ko Sabo ya juya a lokacin, bai san kwarin ba. Sabo ya ce Hashimu ya daɗe yana kallon garin, bai yi kuka ba wannan karon, ya mayar da ɗaurin jakar ya ce, "Ku shiga. Ina zuwa."

Ya same ta yadda ya zata, ita kaɗai a gindin ƙaya da salkar ruwa, jiƙe sharkaf, tana karkarwa. Ya goya ta da rawaninsa, wuni guda cikin ruwa da iska, har wata rumfar mai gahawa a bakin hanyar mota. Can wata babbar mota mai zuwa Madina ta tsaya shan ruwa, cike maƙil. Direban ya ji tausayi ya ce akwai wurin mutum ɗaya a kan buhuna. Mai gahawar, wanda ya ba da wannan labari, ya ce tsohon bai ko yi shawara ba, ya ɗaga ta ya miƙa. Ya ce mata, "Ki kai mini gaisuwa, Iya. Ni kwana biyu ne a ƙafa, zan iske ku." Da gari ya waye mai gahawa ya kawo masa shayi, ya tarar ɓarin jikinsa ya shanye.

A nan ayari ya tsince shi a hanyar dawowa, ba ya magana. Sabo yana da mutum arba'in a wuyansa, guzuri ya kusa ƙarewa, sai ya ɗora shi a kan raƙumi ya nufo Makka. Har yau in aka tayar da zancen yakan ce, "Kwana biyu ne fa kacal zuwa Madina. Da mun juya da shi." Da watan Rajab mutanen unguwa suka gwada ɗora Hashimu a mota zuwa Madina. Girgizar hanya ta sa ya suma tun ba a kai Bahra da ke kusa da Makka ba, aka dawo da shi, mai magani ya ce in an sake gwadawa gawa za a kai.

Rumasa'u ta warke. Ta zo gaishe shi da 'yan dabino a ƙulle a bakin zane. Ya tambaye ta, da kyar, ko ta kai saƙon.

Ta ce, "Na tsaya a gabansa, na buɗe baki, sai na ga ban san sunanka ba. A hanya kowa Baba yake ce maka. Sai na ce, ya Rasulallahi, wanda ya goyo ni yana gaishe ka."

Ya ce, "Ya isa." Ya juyar da fuska wajen bango. Mairama ta ce ranar bai ci abinci ba.

Wannan ya sa na bi mutanen da ya kai ina tambaya. Na sami goma sha ɗaya. Biyu ne suka ce sun tuna sun isar da gaisuwarsa. Sauran suka ce ai ka san wurin, mutum mantawa yake da kansa ma. Na sani. Amma abin ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Malam Hashimu, kai ne ka tsaya inda babu mai son tsayawa. Kai ne ka riƙe ƙafafun da masu su ke ƙyamar taɓawa. Gatan na baya, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suka shiga, da waɗanda ka rufe wa ido a gindin rijiya ba su mutu su kaɗai ba. Ba mu da abin biyanka, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa baɗi za ka je ba, don kai da ni mun san babu wata baɗi.

Ku kuma samarin Misfala da Jarwal, bana ma akwai masu shirin tafiya a ƙafa, ga zafi bai gama sauka ba. Sabo ya yi cigiya a masallaci har Juma'a uku, yana neman wanda zai tsaya a baya. Masu son gaba sun yi yawa, na baya ko ɗaya bai fito ba. Mutumin yana nan bakin ƙofarsa, hankalinsa garau, rijiyoyin duka suna kansa. Ku je ku zauna ku tambaye shi tun yana iya faɗa. In kuma wannan ta fi ƙarfinku, akwai wadda ba ta da nauyi. Duk wanda Allah ya kai shi ya tsaya a gaban Manzo, ya ce Hashimu ɗan Abubakar, mutumin Gumel, yana gaisuwa. Ku riƙe sunan da kyau, don shi kaɗai ya rage mai iya tafiyar.