Sandunan Gahawar Baba

Gahawar mahaifina, wato shagonsa na shayi a unguwar Hindawiyya ta Makka, ba wani abin kallo ba ce. Ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba, sai gadajen igiya masu dogayen ƙafafu da ake zama a kai, da murhun gawayi, da butocin shayi da hayaƙi ya mayar baƙaƙe. Abin da ya raba ta da sauran gahawoyin unguwar shi ne bangon ciki. Daga ƙugun mutum har rufi ƙusoshi ne, kowace da abin da ke rataye a jikinta: goruna, tsofaffin jakunkunan fata, butar duma, har da takalmi fade guda ɗaya da ban taɓa sanin inda ɗan'uwansa ya shiga ba. Amma sanduna sun fi komai yawa.

Ba Baba ne ya tara su don ado ba. Mutanenmu da suka zo da ƙafa ta Chadi da Sudan suna da wata al'ada. In mutum ya sauke farali zai juya gida, ba ya son ya kwashe komai nasa daga Makka. Sai ya zo ya sha shayinsa na sallama, ya miƙa wa Baba sandar da ya dogara ya zo da ita, ya ce, "Ajiye mini, zan dawo in karɓa." Wai don abin nasa ya riƙa kiransa, ko Allah Ya sa ya sake ganin Ɗakinsa. Babu malamin da ya ce a yi haka. Baba kuwa sai ya karɓa hannu biyu, ya ce amana ce, ya buga sabuwar ƙusa.

Ya iya ajami sarai, amma bai taɓa rubuta sunan kowa ba. A kansa yake riƙe da su. In kasuwa ta yi sanyi bayan azahar ya ga na shigo, sai ya fara nuni da baki: waccan ta wani Bagobiri ce da ya yi noman auduga shekara huɗu a Sudan kafin ya haye teku, wannan gorar ta wata tsohuwa ce daga Damagaram. Ni a lokacin na samu motar haya ina ja tsakanin Makka da Jidda, kaina sai hayaƙi yake, gani nake duniya a tafin hannuna take. Haifaffen Makka ne ni, ban san Gobir ba, ban san Damagaram ba, kuma ban ga abin da zan yi da sanin su ba. Sai in kurɓe shayina in ce masa da Larabci, "Tayyib, Baba, ba'aden," wato wani lokaci. Shi kuma ya koma yana fifita gawayi.

A iya sanina mutum uku ne kawai suka taɓa dawowa. Ko ɗaya Baba bai yi lalube ba, yana ganin fuskar mutum hannunsa zai tafi kan ƙusar.

Ya rasu cikin tsananin zafi, a farkon shekarun alif ɗari tara da sittin, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ana gobe zai cika, da hantsi, ya kamo hannuna ya ce, "Kayan mutane." Na ce, "Na ji, Baba." Iyakar wasiyyar ke nan, kuma iyakar amsata ke nan.

Dama gahawar ta riga shi mutuwa. Jirgin sama ya fara kawo alhazai, a sauke su a Jidda a wuce da su masauki, su gama su tashi cikin 'yan makonni, babu mai sanda balle ya bar ta. Ba a yi wata uku da rasuwar ba mai ginin ya aiko cewa zai rushe ya ɗora bene don hayar alhazai. Gidan da muke ciki a bayan gahawar ma nasa ne. Muka nemi ɗaki biyu a Ka'akiyya, can gefen gari inda haya take da sauƙi.

Rabon kayan Baba bai ba mu wuya ba. Gadajen na bar wa maƙwabci, butocin shayi Inna ta raba wa ƙannena mata, ta riƙe babban farantin tagulla. Ni na ɗauki sandarsa, wadda ya taho da ita daga Kano yana saurayi, sumul take ba ado, kanta ya yi baƙi saboda gumin hannunsa. Sai bango. Na tsaya a gabansa yini guda ina jin haushin mamaci, Allah Ya yafe mini. Ba gado ba ne balle a raba, ba nawa ba ne balle in sayar, kuma mutumin da ya san masu shi yana kwance a maƙabarta. Na sauke su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure sandunan dami biyu, sauran tarkacen suka cika buhu uku.

Na je wurin wani malami ɗan ƙasarmu. Ya ce in yi cigiya a cikin alhazai, in ba a samu masu kayan ba in yi sadaka da su da niyyar ladan ya kai gare su. Na yi cigiyar, kada a ce ban yi ba. A Hajjin shekarar na bi tantunan Hausawa a Mina ina tambaya ko akwai wanda ubansa ko kakansa ya bar sanda a wata gahawa a Hindawiyya. Sai a ce mini, "Wa ye sunansa? Daga wane gari?" Ni kuwa ban riƙe sunan kowa ba. Wasu suka yi mini dariya, wani ya ɗauka bara na zo yi da dabara. Sadakar kuma, wa zai karɓi fasasshiyar gora ya yi maka godiya?

Haka kayan suka bi mu Ka'akiyya. Ɗaki ɗaya na Inna, ɗaya namu ni da matata da 'yarmu mai shekara biyu. Da farko a ƙarƙashin gado suke, matata ta ce ba ta samun wurin shara. Na hau da su soro, rana ta farfasa gorunan, fatun suka ƙeƙashe. Da aka yi ruwa na sauko da su zaure. Kullum in na fita sai na yi tuntuɓe da su, kullum in na dawo su ne farkon abin da zan gani. Shekara biyu muna haka. Inna kaɗai ce ba ta taɓa ƙorafi ba, wani lokaci ma nakan same ta tana kaɗe musu ƙura.

Wata safiya yarinyar ta tura hannu cikin buhu, kunama ta harbe ta. Kukan da ta yi har yau yana kunnena. Da muka dawo daga wurin magani ban ko zauna ba. Na loda kayan a mota, buhunan na juye su a juji a bayan unguwa, sandunan kuma na kai wa mai gasa burodin tamis a bakin titi, na ce ga makamashi sadaka. Ya yi murna, ya ce irin wannan busasshen itace ba ya samuwa. Da na juya na tafi da ya fi mini, amma na tsaya ina huci ina kallo. Akwai wata doguwa mai tsage-tsage a jiki, ta yi wa bakin tandar tsawo, sai ya sa gwiwa ya karya ta biyu ya jefa.

Da na koma gida Inna ta dubi zauren ta ce, "Ina ka kai su?"

Na ce, "Na yi sadaka da su, kamar yadda malam ya ce."

Ta ce, "To, Allah Ya karɓa." Amma unguwa ce ƙarama, labari ya iso ta kafin la'asar, kuma tun daga ranar ba ta sake cin burodin wannan tandar ba har ta bar duniya.

Hajjin da ya biyo baya, kwana kaɗan da saukowa daga Mina, wani abokin aikina direba ya tsaya a ƙofar gida bayan la'asar, ya ce ga baƙo yana nemana tun safe. Dattijo ne siriri, yanar ido ta rufe masa gani, da ƙyar yake ganin inuwar mutum. 'Ya'yansa ne suka biya masa jirgi. Ya je Hindawiyya ya tarar da bene, ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa ɗan mai gahawa.

Na shimfiɗa masa tabarma a zauren, daidai inda buhunan suka zauna. Ya yi mini ta'aziyya, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, ya sha shayi. Na san abin da ya kawo shi tun kafin ya faɗa.

Ya ce, "Ɗana, akwai ajiyata wurin mahaifinka, ta fi shekara ashirin. Sanda ce doguwa. Ba za ta ɓace maka ba, tsaga tara ce a jikinta, duk daminar da ta same mu a hanya sai in yi guda. Ta shida ta fi zurfi, a shekarar ce na binne mai ɗakina a Sudan."

Na gane ta. Cikin sandunan nan duka, ita kaɗai na gane, don a gabana aka karya ta.

Na ce masa ina zuwa, na shiga ciki. Inna tana tsaye a bayan labule, ta ji komai. Gaskiya ce ta kamace ni in faɗa, kuma na san haka, amma tsoro da kunya suka fi ƙarfina. Na miƙa hannu na ɗauko sandar Baba daga bango. Inna ta dube ni, ta dubi sandar, ta kau da kai.

Na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa hannu biyu ya ɗora a cinya. Ina kallon babban yatsansa yana bin jikinta daga sama har ƙasa, yana neman tsaga. Ya juya ta ya sake bi. Da ya kai kanta, inda hannun Baba ya baƙanta, sai ya dakata ya riƙe wurin. Ya sha shayi a gahawar nan watanni, ya san sandar da mai gahawa yake dogarawa. Ina jira ya yi magana in fashe masa da gaskiya.

Can ya ce, "Ta yi santsi." Ya ɗan gyaɗa kai. "Allah Ya jiƙan mahaifinka, mutum ne mai riƙon amana."

Da ya miƙe zai tafi na kama hannunsa zuwa mota, sandar tana ɗaya hannun. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo ya miƙo mini ita.

"Ajiye mini, ɗana. Zan dawo in karɓa."

Na karɓa hannu biyu, kamar yadda na ga Baba yana yi. Sai da motar ta ɓace na tuna ban tambayi sunansa ba, ban tambayi garinsu ba.

Bai dawo ba, kuma na san ba zai dawo ba. Mun sake gida sau uku tun daga lokacin, duk inda muka sauka ƙusar sandar nake fara bugawa. Yanzu gwiwoyina sun gaza, 'ya'yana suna ta cewa ga sandar kakansu a rataye, in ɗauka mana in dogara. Ita kaɗai ce ta rage mini daga Baba, amma ban taɓa dogara ta ba ko taku ɗaya. Nakan ce musu su bar ta inda take, ba tamu ba ce, mai ita yana zuwa.