Babban Inji a Keken Mai Ƙwai

Shekara ashirin da shida Na-sani ya yi yana kai ƙwai shaguna a kan keke guda, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa fara masa magana ya bari ta kai ƙarshe ba. Da ka buɗe baki zai tari numfashinka da "Na sani." Nan sunan ya samo asali, har matarsa in ta fusata da shi take kiransa. Mutumin da bai gama firamare ba, amma ya san inda likita ya yi kuskure, ya san abin da maginin gada ya manta.

Kullum da safe yakan ɗaure kiret goma sha biyu a kariya da igiyar tsohon tif. Takwas daga ciki na mace ɗaya ne, mai kantin da ke kan tudu, wata dattijuwa mai tabarau. Tudun nan shi ya cinye masa gwiwoyi. Bara ya fara sauka yana turawa, bana kuwa sai ya tsaya sau biyu a gindin turken lantarki, ya sunkuya kamar mai duba taya, wai kada a ce ya gaji. Ƙwan da ke isa ƙarfe bakwai ya koma isa tara.

"Baba, masu sayen ƙwan karin kumallo sun zo sun tafi," in ji mai kanti. "Ga masu kawo ƙwai a motar nan kullum suna roƙona in koma wajensu. Na ba ka zuwa ƙarshen wata."

Ya ɗaga kafaɗa kamar ko a jikinsa. Amma ranar ko abincin rana bai iya ci ba. Tsoro ya ji, don in kantin tudu ya tafi, sana'ar ta tafi.

Yana da ƙane mai gyaran keke, mutum mai haƙuri, wanda shagonsa bai wuce faɗin tabarma biyu ba, tayoyi rataye a bango, ga kwanon ruwan neman huji a bakin ƙofa. Shi ya ce a sa wa tsohon keken injin lantarki. Na-sani ya ce ai ya daɗe da wannan tunanin. Suka ɗunguma shagon da ake sayarwa.

Kwali uku mai shago ya sauko da su, ƙarami da matsakaici da babba. Ƙanen ya buɗe ƙaramin.

"Yaya, wannan ne naka. A ƙafar gaba ake sa shi, ba ya aiki sai kana taka feda, a hankali yake tura ka. Kayanka na baya, shi yana gaba, kekenka ya daidaita. Babban kuwa a ƙafar baya yake zama, daidai ƙarƙashin ƙwan, ga totur da ke fizga, ga shi dole a cika tayar da iska tam saboda nauyinsa. Ni kuwa shekara da shekaru da gangan nake bar maka tayar baya da ɗan laushi, saboda..."

"Kai, yaushe aka haife ka? Ni na goya ka!"

Sai ya yi abin da yake yi a gidan kaji. Ya ɗauki kowane inji ya auna shi a tafin hannu, ya kai kunne ya girgiza, ya ɗaga shi sama yana kallo ta hasken taga, sai ka ce zai hango gwaiduwa. Ƙaramin ya ce holoƙo ne. Babban da ya kusa sauke masa kafaɗa, shi ya yi wa murmushi.

"Kaya mai kyau a hannu ake gane shi."

Mai shago, wanda da ma babban ya daɗe yana kwantai a kan kanta, ya ce wallahi bai taɓa ganin mai ido irin Baba ba. Ƙanen ya ɗaura masa abin da ya zaɓa.

Washegari tun bakwai saura kwata yana ƙofar kantin tudu, ƙafa ɗaya a kan feda, baki har kunne, yana jiran a zo a buɗe a gan shi. A hanya ya wuce masu babur biyu, kuma kowa ya ji labarin, har mai sharar titi.

Kwana uku aka yi aka fara dawo da ƙwai. Ba fashewa yake yi a ga ruwa ba, tsagewa ce siririya kamar gashi, sai ya kwana ya fara wari. Na-sani ya ce kajin zamani ne. Ya ce abincinsu ne. Ya ce kiret ɗin yanzu ba su da ƙwari. Matarsa ta ce ko ya riƙa tafiya a hankali, ya ce ina ruwan mace da inji. Ƙanen ya aiko a ce masa ya kawo a canja da ƙaramin tun da sauran lokaci, Na-sani ya yi kunnen uwar shegu. Shi ne zai koma wajen ƙane ya ce ya yi kuskure? Girman kai rawanin tsiya, shi kuwa nasa har da tuntu.

Ranar ƙarshen wata ya tarar da motar masu ƙwai a ƙofar kanti, ana sauke kaya. Mai kanti ta fito, ta zaro ƙwai ɗaya daga kiret ɗinsa na ƙasa, ta nuna masa tsagar da farce.

"Baba, duk arahar masu motar nan ƙin su nake yi, don naka ban taɓa dubawa ba. Yanzu kullum sai na zauna ina tsinta kamar mai zaɓar wake. In dai fasasshe ne da wuri, ai su ma suna kawowa."

Ya fara bayani a kan kaji. Ta ɗaga masa hannu.

"Sau uku ina tambayarka ko gwiwa ce, kana ce min lafiyarka ƙalau. Da ka ce e, ai da ni zan riƙa sa baro a karɓo min a gindin tudu, kai ko hawa ba sai ka yi ba."

Ta koma ciki tana nuna wa masu mota inda za su jera. Shi kuma ya tsaya riƙe da kan keken, batir cike da caji, kiret takwas a bayansa, ba shi da wanda zai kai wa.