Yatsan da Kaka Ta Hana Lalle

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da aka ƙunsa mini lallen aure aka bar yatsa ɗaya fari ba.

A Nasarawar Burkullu ne, shekarar da aka ɗage zaɓe har ya faɗo cikin makon bikina. Lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya. Na riga na tsara yadda ango zai kama hannuna, ya ga lalle ja kamar garwashi, ya rasa ta cewa. Zaɓe ko a jikina.

Kakata, mahaifiyar Inna, ita ke ƙunsa wa amaren gidanmu. Da ta zo kan babban yatsana na dama sai ta tsallake shi. Nata ma ta naɗe shi da tsumma kada lallen ya taɓa shi, don an ce na'urar tantance masu zaɓe ba ta gane yatsa mai lalle.

Na ce, "Kaka, amarya da farin yatsa? Dariya za a yi mini."

Ta ce, "Su yi ta yi. Yatsa yaron ga ya zo aure?"

Na ɓata fuska. Ta ci gaba da ƙunshi, ba ta ko dube ni ba.

"Ina amarya kamarki aka yi zaɓe, tun sojoji ba su taɓa mulki ba. Doka ta ce nan Arewa maza kaɗai. Na kai ma kakanki fura wurin layi, na tsaya bayan danga ina leƙe. Matar malamin asibiti, 'yar Kudu, ta ce mini a garinsu mata na jefa ƙuri'a. Sai da na aurar da ɗiya aka canza dokar. Tun sannan ban taɓa fashi ba."

Ranar zaɓe na lulluɓe na bi ta. Na'ura ta gane ni nan take. Yatsan Kaka kuwa ta ƙi shi. Surfe da kaɗin auduga sun cinye zanen yatsan. Aka sake, ta ƙi. Layi ya fara gunaguni, ni kuwa sai nake ganin kamar ta koma bayan dangar nan. Ita ko gezau. Ta goga yatsan a zaninta, ta hura masa iska, ta yi bisimilla, ta ɗora a hankali.

Na'urar ta karɓa.

Da ta dangwala ta jefa, na ga bayanta ya miƙe yadda ban taɓa gani ba. A duk littattafan da na karanta, babu wadda ta riƙe ƙauna irin wannan riƙo.

Da tawadar zaɓe a farin yatsana aka kai ni ɗaki. Kaka ba ta ga zaɓen da ya biyo baya ba, Allah Ya jiƙanta. Na je, kuma a layi na gane abin da ta koya mini: haƙƙin da na tarar a hannuna kamar kyauta, wata ta yi shekaru tana leƙensa ta bayan danga.